Wa ke Zama, Wa ke Tafiya: Rabon Renon 'Ya'ya Tsakanin Namiji da Tamata a Cikin Dabbobi



 Mas'alar da nake so in shimfiɗa a gabanku yau mas'ala ce wadda kowane ɗayanmu yake zaton ya riga ya san jawabinta tun yana yaro, domin kuwa duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya ga kaza ta yi kwana 21 tana kwanci, ba ta ko cin abincin kirki, alhali zakara yana can bisa danga yana cara, ya kuma ga akuya tana lasar ɗanta tana ba shi nono, bunsuru kuwa ko waiwaye bai yi ba. Daga nan ne jama'a suka yanke hukunci cewa reno aikin tamata ne a cikin dukkan halitta, namiji kuwa nasa barbara ce kurum, har karin maganarmu ya tafi a kan haka, aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, ba wanda ya ambaci zakara.

Wannan hukunci shi ne irin wanda malaman manɗiƙi ke kira istiƙra'i naƙisi, watau a dubi kaɗan a hukunta wa duka. Dabbobin da muke kiwo ba su cika goma sha ba, galibinsu kuwa masu shayarwa ne, kaza kuma ta fito ne daga dangin tsuntsayen da suka saɓa wa akasarin 'yan'uwansu a wannan babi, alhali kuwa jinsunan tsuntsaye sun haura 10,000, na kifi sun haura 30,000, ba a ma zancen ƙwari. Abin da nake nufin tabbatarwa shi ne, zama namiji ko zama tamata shi kaɗai bai isa ya bayyana wanda zai zauna a kan 'ya'ya ba. Abin da ke bayyana shi shi ne halin da kowannensu ya sami kansa a ciki sa'ad da ƙwai ya haɗu da maniyyi, da abin da zai rasa in ya zauna, da abin da zai samu in ya tafi.

Abin da magabata suka gani

Duban dabbobi da idon basira ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira kuwa, wanda ya yi bayanin kason rahama guda da aka saukar duniya daga cikin ɗari, ya buga misali da goɗiya mai ɗauke kofatonta don kada ta taka ɗanta. Saboda haka samuwar jinƙai a cikin dabba ba abin jayayya ba ne. Bahasinmu yana kan sabubban da Mahalicci ya ɗora rabon wannan aiki a kansu, binciken sababi kuwa bai taɓa zama musun Mai sabbabawa ba.

Jahizu, mutumin Basra wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya daɗe a cikin Kitabul Hayawan yana zancen tantabara, ya kuwa lura cewa namiji da tamata suna tarayya a kwanci da ciyarwa. Masu kiwon tantabara a Kano da Zariya da Maraɗi sun san wannan ba tare da sun buɗe littafi ba: namijin yana hawa ƙwai tun daga hantsi har wajen la'asar, tamatar ta karɓa ta kwana a kai, in kuma 'yan shila suka fito, dukkansu biyu suna ɗura musu wani farin abu mai kauri da ke fitowa daga jakar nan ta wuyansu inda hatsi ke taruwa. A farkon shekarun 1930 ne Oscar Riddle da abokan aikinsa a Amurka suka tsamo sinadarin da ke sa wannan jaka ta yi nono, suka ba shi suna furolaktin, shi ne kuwa wanda ke kawo nono a hantsar saniya. Ashe abin da ke motsa reno a cikin jiki yana nan a jinin namiji kamar yadda yake a jinin tamata.

Jimina kuwa Larabawan da sun yi mata shaida biyu masu karo da juna, domin sun buga misali da ita wajen wauta, wai tana barin ƙwanta ta hau na wata, sa'an nan kuma mawaƙinsu na Jahiliyya, Alƙama, ya siffanta namijinta yana sheƙa gudu zuwa ga ƙwayayensa da ya tuna. Duka biyun suna da tushe. Namijin jimina shi ke tone gurbi a ƙasa, babbar matarsa ta fara zuba ƙwai, sa'an nan waɗansu mata su zo su ƙara nasu a gurbin nan su tafi abinsu. Tamatar mai launin ƙasa ta yi kwanci da rana, namijin mai baƙin gashi ya yi da dare, har wajen kwana 42. A shekarar 1979 Brian Bertram, wanda ya yi aikinsa a dajin Tsabo na Kenya, ya nuna cewa babbar matar ba wawiya ba ce ko kaɗan, gama tana gane nata ƙwayayen, in kuwa gurbi ya cika fiye da wajen 20 ɗin da jikinta zai iya rufewa, na kishiyoyin take turawa gefe, inda rana da kuraye da ungulu za su fara da su. Abin takaici, jiminar ƙasashenmu ta ƙare a dajin Azbin, sai waɗanda ake kiwo a killace, kamar a Kelle cikin jihar Damagaram, don haka 'ya'yanmu ba za su ga wannan da idonsu ba sai in an yi da gaske.

Abin da ƙidaya ta nuna, da yadda aka yi ta fassara shi

In aka bi manyan rukunan dabbobi ɗaya ɗaya, sai a tarar kowane rukuni da tasa al'adar. A cikin masu shayarwa, jinsunan da uba ke sa hannu a reno ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba, babu kuma ko jinsi guda da uba ke yi shi kaɗai. A cikin tsuntsaye abin ya juye, domin ƙidayar da Andrew Cockburn ya buga a 2006 ta nuna cewa a wajen kashi uku cikin huɗu ko fiye uwa da uba ne ke yi tare, uwa kaɗai a wajen kashi 8 cikin 100, uba kaɗai a wajen kashi 1. A cikin kifi kuwa, galibi ba mai reno sam, ana watsa ƙwai ne a ruwa a bar wa Allah, amma a inda ake yin renon, uba shi kaɗai ya fi yawa.

Darwin, a littafinsa na 1871 kan zaɓen abokin barbara, ya riga ya lura cewa a 'yan tsuntsayen da namiji ke kwanci, tamatar ce ta fi girma, ta fi ado, ta fi faɗa, sai dai bai kai ga warware dalilin ba. A 1948 Bateman, wani masani a Ingila, ya gwada ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, ya ce yawan zuriyar namiji yana ƙaruwa da yawan matan da ya samu, na tamata kuwa yana tsayawa ne a iyakar ƙwan da jikinta zai iya yi. A kan wannan harsashi Robert Trivers ya ɗora gininsa a 1972, ya ce tun da yake ƙwai babba ne mai tsada (na jimina ya kusa kilo ɗaya da rabi) maniyyi kuwa ƙanƙane ne mai araha, tamata ta riga ta zuba dukiya mai yawa tun kafin a haifi ɗa, don haka ita ce ba za ta iya juya baya ba, namiji kuwa ba abin da ya ɗaure shi.

Maganar tana da daɗin ji, ta kuma yi tasiri ƙwarai, amma akwai illa a tsakiyarta, wadda Dawkins da Carlisle suka fito da ita a 1976. Mai haƙar rijiya wanda ya nutsa gaba goma bai ga ruwa ba, abin da ya kamata ya hukunta masa ci gaba ko dainawa shi ne ko akwai ruwa a ƙasa, ba yawan gumin da ya riga ya zubar ba. Haka nan abin da uwa ta riga ta kashe ba ya zama hujjar zamanta. Hujja tana ga abin da ke gaba. Daɗa kuma, da girman ƙwai ne ke ɗaure tamata, da ba a sami tsuntsun kiwi na ƙasar Niyu Zilan ba, wanda tamatarsa ke yin ƙwan da ya kusa kai humusin nauyin jikinta, sa'an nan ta bar wa namiji kwancinsa. Shi kansa gwajin Bateman, da Patricia Gowaty da abokanta suka maimaita shi a 2012, sun sami aibi a hanyar da ya bi wajen ƙidayar 'ya'yan. A ganina ƙa'idar Trivers ta buɗe ƙofa ce, amma ba ita ce ɗakin ba, wanda kuwa ya tsaya a kanta yau ya tsaya a inda ma'abota fannin suka wuce.

Masu shayarwa ba sai mun daɗe a kansu ba, gama dalilinsu a fili yake. Ɗa yana cikin mahaifa wata biyar a akuya, wajen wata 13 a taguwa, wata 22 a giwa, in ya fito kuma abincinsa yana jikin uwarsa, saboda haka uba ko ya zauna amfaninsa kaɗan ne, in ya tafi kuwa zai sami waɗansu matan. Inda aka ga uba ya tsaya, za a tarar akwai aikin da zai iya: dila yana farauto nama ya zo ya amayar wa 'ya'yansa a bakin rami, waɗansu ƙananan birai na Amurka ta Kudu kuwa, waɗanda matansu ke haifar tagwaye, uban ne ke goyo, ba ya miƙa wa uwar sai lokacin shan nono. Lukas da Clutton-Brock, da suka bi tarihin jinsuna fiye da 2,500 a 2013, sun ce zaman namiji da mace guda shi ya fara zuwa, a inda mata suke warwatse har namiji ba zai iya tsare fiye da ɗaya ba, renon uba kuwa daga baya ya biyo.

Kifi, inda uba ya fi zama

A nan ne nake so mu zauna kaɗan, domin a nan ne zaton jama'a ya fi rushewa, a nan ne kuma ruwayenmu suke da abin faɗi. Galibin kifaye ba a cikin jikin tamata ƙwai ke haɗuwa da maniyyi ba, a waje ne, a cikin ruwa, sau da yawa kuma a gurbin da namiji ya share, ya tsare, ya kori sauran maza daga gare shi. To, tun da yake dama yana nan tsaye a kan gurbin don ya jawo mata, tsaron ƙwan da aka zuba masa bai rage shi da kome ba, har ma an gani a jinsuna da dama cewa mata sun fi son zuba ƙwai a gurbin da suka tarar da ƙwai a ciki, watau renon nasa ya zama masa talla. Ita kuwa tamatar kifi, yawan ƙwanta yana bin girman jikinta ne, duk ranar da ta yi tana gadi ba ta kiwo, ta rage ƙwan baɗi. Zama yana da arha ga namiji, yana da tsada ga tamata, sai rabon ya faɗa wa namiji. Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin da Gross da Sargent suka yi a 1985, ban kuwa ga wanda ya fi shi dacewa da abin da ake gani ba.

Ku ɗauki gaiwa, wadda kowa ya san tana shigewa cikin laka ta ƙare rani a can. Da ruwan damina ya sauka ta fito, sai a haƙa rami a cikin ciyayin fadama a zuba ƙwai, namijin kuwa shi ke zama a ciki, yana kaɗa wutsiya don ruwan ya riƙa sabunta, yana kai cizo ga duk abin da ya matso, har 'ya'yan su isa fita. Wanda ya fara rubuta wannan a littattafan Turai wani Baturen Ingila ne daga Kambirij, John Samuel Budgett, wanda ya yi aikinsa a kogin Gambiya ya buga shi a 1901, ya kuma rasu a 1904 da zazzaɓin da ya kwaso a bakin kogin Kwara. Abin lura shi ne, ba shi ya gano ramin gaiwa ba, masuntan wurin ne suka kai shi suka nuna masa.

Karfasa kuwa ita kaɗai ta isa makaranta, domin kifayen da muke haɗawa a ƙarƙashin wannan suna ba jinsi ɗaya ba ne, kowanne kuma da tsarinsa. Akwai wadda uwa da uba ke tsare rami tare. Akwai karfasar Nilu, wadda aka fi kiwo a tafkunan zamani, tamatarta ce ke kwashe ƙwai a bakinta ta riƙe mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin kome, bayan ƙyanƙyasa ma in 'ya'yan suka firgita bakinta suke komawa. Masu kiwon kifi sun san tsadar wannan azumi, shi ya sa suke buɗe bakinta su juye ƙwan su ƙyanƙyashe da kansu, don ta yi saurin sake yin wani. Akwai mai baƙin haɓa ta ruwan gishiri-gishiri na gaɓar Ikko da Gana, wadda namijinta ne ke yin wannan riƙo. Sa'an nan akwai ta huɗu, wadda ake samu a Tabkin Cadi da kogin Kwara da Tabkin Ɗabariyya, ita kuwa wani lokaci duka biyun ke raba ƙwan su riƙe, wani lokaci uwa kaɗai, wani lokaci uba kaɗai. A kan wannan ta huɗun ne Sigal Balshine-Earn ta yi gwaji a shekarun 1990, ta sami cewa in mata suka fi yawa a wuri, maza sun fi gudu su bar ƙwan, in kuwa maza suka fi yawa, matan ne suka fi gudu. Jinsi ɗaya, jini ɗaya, ruwa ɗaya, amma wanda ya san zai sami wani aure da wuri shi ke tafiya. Ban san wata hujja da ta fi wannan yanke jayayya ba.

Saura sharaɗi guda, watau yaƙinin nasaba. Uwa ba ta shakkar abin da ya fito daga jikinta, uba kuwa yana iya yin wahala a kan zuriyar wani. Bryan Neff ya gwada wannan a wani tabki na Kanada, ya buga a 2003: ya sa ƙananan mazan wani kifi, irin masu satar shiga gurbi su zuba maniyyi, a cikin kwalabe kusa da gurbin mai gida a lokacin barbara, don ya gan su amma kada su iya kome, sai mai gidan ya rage himmar tsaron ƙwan, da 'ya'yan suka ƙyanƙyashe ya ji ƙanshinsu ya gane nasa ne, sai himmarsa ta komo.

Tsuntsaye biyu na ƙasarmu

Dalilin tarayyar uwa da uba a cikin tsuntsaye shi ne ƙwai yana waje, yana bukatar ɗumi dare da rana, ɗan tsako kuma a galibin jinsuna yana fitowa tsirara ne, makaho, ba ya iya kome sai buɗe baki, kuma babu wani aiki daga cikin waɗannan da namiji ba zai iya ba. Inda 'yan tsaki ke fitowa da ƙafafunsu suna tsattsagar abinci da kansu, kamar na kaza, uwa ɗaya ta wadatar, shi ya sa zakara ya sami sarari.

Iyakar tarayya ita ce ta cilakowa. Tamatar tana shiga kogon itace, a liƙe ƙofar da laka da kashinta da ragowar abinci, ba a bar kome ba sai 'yar tsaga wadda baki zai shiga, sa'an nan a can ciki ta zubar da gashin fukafukanta da na wutsiya, ta zama ba ta iya tashi ko da an buɗe mata. Makonni shida ko fiye namijin ne ke kai da kawowa da fara da tsutsa da 'ya'yan itace, yana miƙawa ta tsagar nan, har 'ya'yan su yi wayo, ta fasa ta fito ta taya shi, su kuwa su sake liƙe ƙofar da kansu. Yaron da ya harbe namijin cilakowa da danƙo a farkon damina, gida guda ya kashe bai sani ba. Da aka binciki jinin wata 'yar'uwar wannan tsuntsuwa a Namibiya, aka buga sakamakon a 2002, ba a sami ɗan da ba na mai ciyarwar ba, wannan kuwa ya dace da sharaɗin nasaba da muka ambata.

Ɗaya iyakar kuwa ita ce ta taka-a-bado, tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke yawo bisa ganyen bado a fadamun Haɗeja da Nguru. Tamatarsa ta fi namiji girma nesa ba kusa ba, ita ke kama yanki ta tsare, ta tara maza biyu ko uku ko fiye a cikinsa, ta zuba wa wannan ƙwai huɗu ta wuce ga wancan. Namijin shi ke kwanci, shi ke kiwon 'yan tsaki, in kuwa ya hangi hatsari sai ya tsugunna su shige ƙarƙashin fukafukansa, ya matse su ya miƙe ya yi tafiyarsa, ba abin da ake gani sai ƙananan ƙafafu suna reto. Sheƙar da ke bisa ruwa ba ta da tabbas, ƙwai da yawa suna salwanta ga ambaliya da macizai da guza, don haka tamatar da ta huta da kwanci ta zama mai saurin maye gurbin abin da ya ɓace.

A nan akwai wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Sananne ne cewa zakoki maza, in suka ƙwace garke daga hannun waɗansu, sukan kashe ƙananan 'ya'yan da suka tarar, domin zakanya ba ta karɓar namiji muddin tana shayarwa, mulkin zaki a garke kuwa ba ya cika wuce shekara biyu. An daɗe ana kawo wannan a matsayin shaidar muguntar da ke cikin ɗabi'ar namiji. To, a 1989 Stephen Emlen da abokansa, a ƙasar Fanama, suka ɗauke matan wani ɗan'uwan taka-a-bado daga yankunansu, nan da nan maƙwabtan mata suka shigo, suka far wa 'yan tsakin da mazan ke reno, suka kashe na kashewa suka kori na kora, sa'an nan suka shiga neman mazan. Aikin zaki ne sak, amma tamata ce ta yi shi. Ashe ɗabi'ar tana bin matsayi ne: duk wanda ke jiran abokin haihuwa ya gama reno, shi ke da girma da faɗa da kishi, ko namiji ne ko tamata.

Kokko da Jennions, a 2008, sun tunatar da masana wata gaskiya da aka yi sakaci da ita, cewa kowane ɗa uba ɗaya gare shi da uwa ɗaya, saboda haka jimillar zuriyar maza ba za ta taɓa wuce ta mata ba, namijin da ya gudu kuma ba lalle ne ya sami wata ba, musamman in irinsa sun yi yawa a fili. A 2013 Liker da Freckleton da Székely suka gwada wannan a kan tsuntsayen bakin ruwa, suka tarar jinsunan da maza ke reno su ne waɗanda balagaggun maza suka fi mata yawa a cikinsu. Abin da karfasar Ɗabariyya ta nuna a cikin jinsi ɗaya, shi ne tsuntsayen nan suka nuna a tsakanin jinsuna.

Wajibi ne in yi togaciya a nan, domin na sha jin ana jawo zaki ko zakara a muhawarar zaman aure, kowa yana ɗaukar dabbar da ta yi daidai da son zuciyarsa. Wannan ƙiyasi ne ma'al fariƙ, gama dabba ba mukallafa ba ce, abin da ke aukuwa a daji kuma labari ne, ba hukunci ba. Wanda ya kafa hujja da zakara, za a kafa masa da taka-a-bado, ba kuwa wanda zai ci riba. Haƙƙin ɗan Adam a kan mahaifinsa, na ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya, shari'a ta riga ta yanke shi, ba ya jiran fatawar masu nazarin tsuntsaye.

Inda wannan ilmi yake da aiki kai tsaye shi ne wajen tattalin abin da Allah ya ba mu a ruwa da daji. Kifin da ke gadin rami shi ya fi saurin kamuwa, domin ba ya gudu, wanda kuwa ya ɗauke gaiwa namiji ko karfasa mai ƙwai a baki a farkon damina, ɗaruruwa ya kashe don ya sayar da ɗaya. Fadamun Haɗeja da Nguru sun riga sun ƙuntata tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala kuma ta cinye hanyoyin ruwa da yawa, saboda haka ba su da sauran ƙarfin ɗaukar irin wannan asara. Hana kamun kifi na wani lokaci ba bidi'a ba ce a wurinmu, Kabawa suna tsare ruwan Matan Fada a Argungu shekara ta zagayo ba a jefa koma sai ranar biki. Roƙona ga sassan nazarin halittu na jami'o'inmu shi ne su tura ɗalibansu su zauna da sarakunan ruwa da tsofaffin masunta na Yawuri da Nguru da Baga da Difa, su rubuta da Hausa watan da kowane kifi ke yin rami, da wanda ke gadinsa, da kwanakin da yake yi, sa'an nan a miƙa wa hukumomin kamun kifi don su tsara lokacin rufe ruwa a kan wannan sani, tun dattawan da suka riƙe shi suna raye.